Gadon Bakin Taga

Tun da gari ya waye Anti Ruƙayya take kaiwa da komowa tsakanin kicin da falo, kai ka rantse baƙi hamsin za su cika gidan, alhali ko maƙwabci ba shi da izinin leƙowa. Dokar kullen korona ta rufe Kuala Lumpur ruf. Baƙin da ake wa wannan shirin duk a cikin kwamfuta za su zauna, amma Anti Ruƙayya ta ce ita dai ba a neman auren ƙanwar mijinta gida babu turaren wuta, ko masu neman za su shaƙa ko ba za su shaƙa ba.

Sauda kuwa, wadda ake yi dominta, tana ɗaki a jikin taga tana kallon jirgin ƙasan unguwarsu ta Wangsa Maju yana wucewa wayam, babu ko mutum ɗaya a ciki. Hadari ya haɗu baƙi ƙirin ta wajen unguwar Setapak. A garin nan ruwa ba ya neman shawarar kowa.

"Wai har yanzu ba ki shirya ba?" Anti Ruƙayya ce ta turo ƙofa, kasko a hannunta. "Haba Sauda! Ga leshin can na goge miki. Kawu Bala fa ya ce sai ya ji daga bakinki kafin ya ba da ke."

"Zan sa, Anti."

"Zan sa, zan sa. Tun safe nake jin zan sa. Dubi fuskarki don Allah, kamar wadda aka aiko wa da saƙon mutuwa." Ta ajiye kaskon, ta sassauta murya. "Tajuddeen fa mutumin kirki ne. Ki faɗa min aibunsa guda ɗaya."

Babu. Abin da ya fi ci wa Sauda rai ke nan. Da mugu ne ai da ta samu abin riƙewa. Mutum ne mai kunya, yana aikin kwamfuta da wani kamfani, yana zaune a nan unguwar Cheras. Tun da aka kulle gari bai fasa aiko musu da abinci daga wani gidan abinci da ake kira mamak ba, a yi tapau, wato a ƙunshe shi, a ajiye wajen mai gadi, har da gurasar roti canai ɗin da yaran gidan ke rububi a kai. Sharaɗinsa ɗaya ne tak, kuma bai ɓoye ba. Ya ce mata, "Sauda, ni ba zan iya kwana ina tunanin matata tana cikin masu tari ba. Ki zauna nan, in koyarwa kike so mu nema miki. Amma asibiti da komawa ƙauye, a bar maganar, boleh? Zai yiwu?"

Ƙauyen da yake nufi shi ne Rafin Marke, kuma duk wanda ya kira shi ƙauye a gabanta sai ta ji kamar an taka mata ƙafa.

A babban asibitin garin ta fara aikin jinya, a ɗakin maza. Dogon ɗaki ne mai gadaje jere hagu da dama, bangon fenti kore ya koɗe, ƙofar baya tana kallon wata tsohuwar bishiyar mangwaro. Lokacin da ta zo ma'aikatan jinya sun kai goma. Kafin ka ce kwabo an watse. Wannan ta samu Saudiyya, wancan ya tafi Ingila, wata ta yi aure miji ya hana, wani ya yi ritaya ba a kawo madadinsa ba. Aka wayi gari su uku suka rage a ɗakin: Sista Larai, shugabarsu, wadda gwiwoyinta suka riga ta tsufa, sai ita Sauda, sai Ashafa.

Ashafa. Dogo, siriri, ba shi da kyan da za a tsaya kallo a hanya, amma idan ya ɗora hannu a goshin marar lafiya sai ka ga mutum ya daina nishi. Shi ya koya mata samun jijiya a hannun tsohon da jini ya ƙafe masa. Shi ne kuma, ranar da marar lafiya na farko ya cika a hannunta, ya same ta a gindin mangwaron tana kuka, ya sayo kunun tsamiya da ƙosai a wajen Indo mai sayarwa a bakin get ya ajiye a gefenta ya koma ciki. Wallahi har yau ba ta ci abin da ya kai ƙosan nan daɗi ba, duk da hawaye ta haɗa da shi.

Shi ne ya koya mata miƙa aiki. A aikin jinya akwai ƙa'idar da ba a wasa da ita: mai tashi ba ya fita sai mai karɓa ya iso. Su bi ɗakin tare gado bayan gado, wannan ya sha magani, wannan ƙarin ruwansa ya kusa ƙarewa, wannan bai ci abinci ba. Ba a tsallake gado, ko babu kowa a kai sai an tsaya an ce babu kowa. Sai mai karɓa ya buɗe baki ya ce "na karɓa" sannan ɗayan yake da ikon cire farar rigarsa ya tafi gida. Kullum a gadon bakin taga suke ƙarewa, wanda fankar samansa take da wani ciwo nata, tana juyawa tana ƙas, ƙas, ƙas. Sun kai ƙararta har sun gaji. A ƙarƙashin wannan fankar Ashafa ya fara ce mata yana sonta, da takardun marasa lafiya a hannunsa, ko kallonta bai iya yi ba.

Sai ga sanarwa daga gwamnatin jiha. Za a buɗe makarantar koyon jinya a Rafin Marke domin a cike gurbin waɗanda suka tafi, ana neman wanda za a tura Malesiya ya karanto koyar da jinya ya dawo ya horar da yara. Shugaban asibiti ya ce mutum ɗaya zai iya saki, shi ma sai in wani ya yarda ya ɗauki aikinsa. Kowa ya san Ashafa ne ya cancanta, ya riga ta shiga aiki, ya fi ta maki. Shi da kansa ya je ya janye sunansa.

"Ke kin iya magana a gaban aji, ni kuwa hannu gare ni ba baki ba," in ji shi. "Je ki. Zan riƙe nawa in riƙe naki."

Ranar da za ta tafi suka zaga ɗakin, ta miƙa masa gado-gado tana share hanci. Da suka iso bakin taga ya ce, "Na karɓa. Amma fa aro ne, Sauda. Ki dawo ki karɓe ni."

Tun daga ranar, duk safiyar da ya gama aikin kwana, kafin ya miƙa wa Sista Larai sai ya kira ta. Safiyarsu can ita ce bayan azahar ɗin Kuala Lumpur. Zai bi ɗakin da waya a kunne, tana jin takun takalminsa a kan siminti, yana miƙa mata aiki kamar yanzu ta shigo, ba ya kama sunan kowa, gado na farko, gado na biyu, har bakin taga. Wai don kada ta manta da gida. In ta ce cikin tsokana, "To, na karɓa," sai ya katse ta.

"A'a, Sista Sauda. Ba a karɓar aiki ta waya. Adana kalmarki sai kin tako da ƙafarki."

Haka suka yi shekara biyu da ɗoriya. Korona ta zo, aka mai da ɗakin maza wurin keɓe masu ita, aikin mutum biyu ya zama na mutum biyar, bai fasa kira ba.

Ƙofa aka ƙwanƙwasa. Yaya Abdurrahim ne, babban wanta, malami a wata jami'a a nan garin, wanda take zaune a gidansa. Ya sha babbar riga har da hula, ƙafarsa kuwa silifas ɗin banɗaki ne, tunda kwamfuta ba ta nuna ƙasa.

"Ruƙayya, ba mu wuri." Ya zauna a bakin gado ya dube ta. "Sauda, kada ki ba ni kunya yau. Iyayen Tajuddeen sun taru a gidan Kawu Bala can gida tun da sassafe. Da bakinki kika ce wa Hajiyarmu duk yadda muka yi daidai ne."

"Kuka take yi, Yaya. Me zan ce mata?"

"To ba ta da gaskiya ne? Kullum sai ta ji an ce ma'aikacin asibiti ya rasu. Ke kaɗai ce 'yarta mace. Allah ya fito da ke daga wannan wahalar, kin gama karatu lafiya, ga miji na rufin asiri, ki ce sai kin koma?"

"Domin in koma aka turo ni. Ginin makarantar yana can an gama, an ɗebi yara, babu mai koya musu."

"Ke kaɗai ce nas a duniya?"

"A Rafin Marke saura kaɗan in zama hakan."

Ya yi tsaki, ya gyara hularsa. "Mu daina zagaye-zagaye. Ba makaranta ce ke jan ki ba, yaron nan ne. Ni ban ce mutumin banza ba ne. Amma fisabilillahi, namiji guda a ce aikinsa ɗaukar fo da wanke gyambo? Hajiya ta ce ba za ta iya buɗe baki a cikin ƙawayenta ta faɗi sana'ar surukinta ba."

Hawayen da take dannewa tun safe suka ɓalle.

"Yaya, lokacin da Baba ya kwanta ciwon ajali, wa ya ɗauki fo ɗinsa? Kana nan kana karatu, ni kuma Baba ya ce ba zai yarda 'yarsa ta ga tsiraicinsa ba. Ashafa ne yake juya shi, shi yake masa wanka, shi ya laƙƙana masa kalmar shahada. Ranar ba wanda ya ji kunyar sana'arsa. Karatun nan da kuke alfahari da shi, nasa ne ya ba ni."

Yaya Abdurrahim ya sunkuyar da kai. Ba mugu ba ne shi ma, tsoro ne ya yi masa yawa, kuma Hajiya ta fi ƙarfinsa.

"Alheri daban, aure daban," ya ce a hankali. "Za mu yi masa godiya. Na ma kira shi shekaranjiya na faɗa masa halin da ake ciki, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Kin gani, shi ma ya haƙura. Wanke fuskarki ki fito."

Ya fita ya bar ta da baki buɗe. Ashe shi ya sa jiya bai kira ba! Ita kuwa ta wuni tana duba waya tana cewa aiki ne ya riƙe shi.

Ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ta sa leshin, ta ɗaura ɗankwali ba tare da ta kalli madubi ba. Daga falo ta fara jiyo gaishe-gaishe, muryar Kawu Bala tana yankewa tana dawowa, ana ta "kuna ji na?" ana "muna ji, Alhaji." Ta miƙa hannu za ta buɗe ƙofa ke nan wayarta ta yi ƙara.

Shi ne.

"Salamu alaikum, Sista Sauda. An shirya karɓar aiki?"

"Ashafa, Yaya ya ce..."

"Aiki tukuna. Gado na farko, dattijon nan mai ciwon suga. Ya kwana lafiya. Ya sha kunu." Ya ja numfashi. "Gado na biyu, an sallame shi. Babu kowa."

Ta jingina da ƙofa ta lumshe ido. Nan da nan ɗakin ya dawo mata, warin maganin wanke ƙasa, hasken safiya a kan koren bango, kukan kurciya a kan mangwaro. Ya ci gaba, na uku, na huɗu. Amma wani abu bai zauna mata ba. Maganarsa guntu-guntu take fita, yana tsayawa inda ba a tsayawa. Kuma ina takun takalminsa? Shekara biyu tana jin takun nan, yau babu. Abin da take ji kawai, kusa sosai, tun daga gado na farko, shi ne ƙas, ƙas, ƙas.

"Na kusa da ƙofar baya, yana samun sauƙi. Shi ke nan. Aiki ya kammala."

"Ka tsallake gado."

"Na'am?"

"Ka tsallake gadon bakin taga. Kai ka koya min ba a tsallakewa, ko babu kowa sai an faɗa. Wa ke kai?"

Ƙarar fanka kawai take ji.

"Ashafa, a tsaye kake ko a kwance?"

Ya yi wata 'yar dariya da ta rikiɗe ta zama tari, tari mai tsawo wanda ya sa ta dafe ƙirjinta. Da ya lafa sai ya gyara murya irin ta aiki.

"Gadon bakin taga. Namiji ne, ma'aikacin jinya. Ya kwana biyu yana ɓoye zazzaɓi, saboda in ya kwanta babu mai tsayawa. Jiya ya faɗi wajen sa wa wani ruwa. An auna, ita ce, korona. Numfashi yana wahala. An sa masa iska, amma tukunyar ɗaya ce, suna karɓa-karɓa da dattijon gado na farko." Ya ja numfashi. "Marar lafiyar yana da taurin kai. A yi haƙuri da shi."

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta sulale ta zauna a ƙasa. "Wa ke kula da ku?"

"Sista Larai. Tun shekaranjiya ba ta je gida ba. Tana can tana gyangyaɗi a tsaye, baiwar Allah."

"Me ya sa ba ka faɗa min ba? Me ya sa, Ashafa?"

"Yau ranar farin cikinki ce. Ban kira don in ɓata ba, wallahi. Tajuddeen zai riƙe ki da kyau, na ji labarinsa." Muryarsa ta yi ƙasa. "Alfarma ɗaya nake nema. Kullum ina hana ki faɗar kalmar nan. Yau ki faɗa. Ki ce kin karɓa, ko ta waya ce, in san na sauke aron da na ɗauka. Na gaji, Sauda. So nake in huta."

Ta san irin wannan hutun. Ta sha jin sa a bakin marasa lafiya, kuma ta san abin da ke biyo baya idan aka ce musu to.

"Sauda!" Yaya Abdurrahim ne daga falo. "Kawu na jiran ki!"

Ta miƙe. Ba ta kashe wayar ba, ba ta kuma share fuskarta ba. Ta fito falo cikin hayaƙin turaren wuta. A fuskar kwamfuta ga Kawu Bala a kan darduma da dattawan gidan su Tajuddeen, a wani ɗan gefe kuma ga Tajuddeen ɗin kansa daga ɗakinsa na Cheras, ya sha farar shadda, yana murmushin da ya mutu nan take da ya ga idanunta.

Ta durƙusa ta gaishe su.

"Sauda, 'yata," in ji Kawu Bala, "ke ba yarinya ba ce, shi ya sa na ce sai na ji da kunnena. Ga mutanen arziki sun zo nema wa ɗansu aurenki. Kin amince in ba su?"

"Kawu, ka gafarce ni. Ku ma iyayena ku gafarce ni. Malam Tajuddeen, ban taɓa ganin sharrinka ba, kuma Allah ya ba ka wadda ta fi ni." Ta ɗago kai ta dubi Kawu Bala. "Ban amince ba. Na bar aiki a hannun wani a Rafin Marke, na ce zan dawo. Yanzu yana kwance a kan gadon da muke duba marasa lafiya, babu mai karɓarsa. Gida zan tafi, a jirgin farko da zan samu. In an keɓe ni a hanya in zauna, in an sake ni in ƙarasa."

Anti Ruƙayya ta saki salati daga ƙofar kicin. Yaya Abdurrahim ya yunƙura zai yi magana, Kawu Bala ya ɗaga masa hannu.

"Wane ne a kwance?"

"Ashafa, Kawu. Wanda ya yi jinyar Baba."

Tsohon ya cire tabaransa ya daɗe yana goge shi da bakin riga. Tajuddeen ya sunkuyar da kai, can sai hotonsa ya ɗauke.

Sauda ta mai da wayar kunnenta a gaban kowa, kunyar ma ta manta da ita.

"Ashafa, ka ji?"

Fankar ce kawai, sai wata murya daga nesa, muryar Sista Larai, tana kiran sunansa tana jan ƙafa.

"Ashafa! Ka saurare ni da kyau. Kai ka ce ba a karɓar aiki ta waya. To ban karɓa ba. Ka ji ni? Ban karɓa ba! Aikin nan yana hannunka, kuma mai tashi ba ya fita sai mai karɓa ya iso. Kada ka kuskura ka fita kafin in zo."

Falon ya yi tsit, har ruwan saman ana jin saukarsa a jikin gilashi. Ta ƙanƙame wayar da hannu biyu. Ƙas, ƙas, ƙas. Sai can ƙasa, da ƙyar, kamar mai magana daga cikin bargo, ta ji shi.

"To, Sista. Amma ki yi sauri."